Ina Baƙo Zai Ci Kifin Kabi? Darasi Daga Tashoshin Japan

Duk wanda aikinsa ya haɗa shi da tarbar baƙi a Birnin Kebbi, kamar yadda aikin jami'a yake haɗa mu da malaman da ke zuwa duba jarrabawa ko halartar taro, ya san wata tambaya mai wuyar amsawa. Da zarar baƙo ya ajiye jaka ya yi salla, sai ka ji ya ce, "To Malam, ina za mu je mu ci kifin nan naku?" Yana da hujjar tambaya, domin sunan ƙasar Kabi ya yi nisa a kan abu biyu, kifi da shinkafa. Amsar da akan ba shi kuwa ba ta wuce biyu ba. Ko dai a kai shi ɗakin cin abinci na otal a kawo masa soyayyiyar shinkafa da cinyar kaza, irin wadda ya baro a Abuja ko Kaduna, ko kuma mai masauki ya buga waya gida a ɗora tukunya. Wanda ba shi da aboki a gari yakan zo ya koma bai san ɗanɗanon garin ba.

Wannan lamari ya wuce batun kwaɗayi. Kifinmu yana fita a kwali an yi bandarsa, shinkafarmu tana fita a buhu, albasarmu tana fita a tirela, sai a can inda suka sauka a dafa su a sayar da tsada. Ribar da ke tsakanin ɗanye da dafaffe, wadda ita ce rabon mata masu girki da matasa masu neman abin yi, tana tafiya tare da kayan. Ina so in yi amfani da wannan fili in nuna wa mai karatu yadda wata ƙasa mai nisa, wadda ita ma rayuwarta ta ginu a kan kifi da shinkafa, ta tsare wannan riba a ƙauyukanta, sannan mu dawo mu dubi kwarin Rima.

Kowane lardi da tukunyarsa

Japan tana da larduna 47, kuma da wuya ka ambaci ɗaya daga cikinsu mutumin ƙasar bai faɗa maka abincin da aka san shi da shi ba. A 'yan makonnin da na yi can don wani taron ilimi, na lura cewa in ka ce wa abokin aiki gobe za ka gari kaza, abin da zai fara gaya maka shi ne abin da za ka ci in ka isa. Lardin Kagawa ya shahara da wata taliyar alkama mai kauri da suke kira udon, har a shekarar 2011 hukumomin lardin suka yi yekuwar tallata shi da laƙabin lardin udon. A Akita, can arewa, ana kirɓa dafaffiyar shinkafa a mulmula ta a jikin sanda a gasa a bakin garwashi, sannan a yanka a cikin romon kaza. Sunansa kiritanpo, kuma Bakabe zai gan shi ya ce tuwon shinkafa ne aka yi wa gashin tsire. A Toyama ana danne yankan kifi a kan shinkafa, a naɗe da ganyen gora, a rufe a ɗan akushin katako. Niigata kuwa da shinkafar kanta take tinƙaho, musamman irin da ake kira Koshihikari.

Wanda ya fi kama da namu shi ne na lardin Shiga, inda Tafkin Biwa yake, tafki mafi girma a ƙasar. Mutanen wurin suna kama wani kifin tafkin mai suna nigorobuna, su cusa masa gishiri na watanni, sannan su jera shi a cikin dafaffiyar shinkafa su danne, ya yi wata da watanni yana tsima. Abin da ke fitowa, funazushi, yana da tsami da wari mai ƙarfi, kamar yadda daddawa take ga wanda bai saba ba. Ba su ji kunyar warin ba. Sun mai da shi abin alfahari da ake saye da tsada a kai wa manya tsaraba. Da kifin ya fara ƙaranci, sai aka koma ana sakin 'ya'yansa a gonakin shinkafa na bakin tafkin su yi wayo kafin su gangara ruwa. A 2022 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya wannan tsari na tafkin da gonakinsa cikin gadon noma na duniya.

Yadda abinci ke tarar matafiyi

Samun abinci mai daɗi a gari ba abin mamaki ba ne, kowace al'umma tana da nata. Abin koyi a wurin Japanawa shi ne yadda suka shimfiɗa hanya tsakanin tukunya da bakin baƙo. Hanya ta farko ita ce tashar jirgin ƙasa. Tun ƙarshen ƙarni na 19 ake sayar da abinci a ƙananan akwatuna a tashoshi, wanda suke kira ekiben, kuma kowace babbar tasha tana alfahari da nata akwatin mai ɗauke da amfanin yankin. Matafiyi zai saya ya shiga jirgi ya ci a kujerarsa, ko da bai taka cikin garin ba ya ɗanɗana shi.

Hanya ta biyu ta masu mota ce. A 1993 gwamnati ta yi rajistar zangunan bakin hanya 103 da ake kira Michi no Eki, yau kuwa sun haura 1,200. Kowane zango yana da filin ajiye mota da makewayi masu tsabta a buɗe dare da rana kyauta, galibi kuma da rumfar da manoman yankin ke kawo amfaninsu da ɗakin cin abincin gari. Sau da yawa za ka ga sunan manomin a jikin ƙunshin kayan lambu. Ƙananan hukumomi ne suka fi gina su.

Ta uku ita ce al'adar da suke kira omiyage, wadda ba ta da wata fassara a Hausa illa tsaraba. Wanda ya yi tafiya bai komo wa iyali da abokan aiki da ɗan abin taɓawa na garin da ya je ba, ya yi abin kunya. Saboda haka kowane gari ya tanadi abin da za a saya, an ƙunshe shi da kyau, an rubuta ranar da zai lalace.

Bayan waɗannan akwai tunanin da Gwamna Morihiko Hiramatsu na lardin Oita ya fito da shi a 1979, wato kowane ƙauye ya zaɓi abu guda da ya fi iyawa ya inganta shi har ya yi suna. Da haka Oita ta daɗa shahara da wani lemun tsami mai suna kabosu da laimar kwaɗi irin wadda ake ci. Wannan tunani ya iso Nijeriya, inda hukumar SMEDAN ta ɗauke shi da sunan kowace ƙaramar hukuma da hajarta, hukumar JICA ta Japan kuma ta tallafa wa gwajinsa a jihohin Kano da Neja. A 2007 ma'aikatar gona ta Japan ta fitar da jerin zaɓaɓɓun abincin karkara na dukkan lardunan, a 2013 kuma UNESCO ta sanya al'adar girkin Japan cikin gadon al'adun ɗan Adam.

Ga ɗalibanmu da 'yan kasuwa masu niyyar zuwa can, akwai jan kunne. Shahararriyar taliyar Hakata ta birnin Fukuoka da romon ƙashin alade ake yin ta, wainar kabeji ta Hiroshima ma galibi da naman alade take zuwa. Ko abincin da ba shi da nama, sau da yawa ana zuba masa mirin, wani ruwan shinkafa mai zaƙi wanda ke da giya a ciki. Musulmi ya tambaya kafin ya ci, ya nemi gidajen da ke da shaidar halal, ya kuma nufi unguwannin masallatai, kamar Masallacin Kobe da aka gina a 1935 da babban masallacin Tokyo Camii, inda ake samun shagunan halal da masu ba da shawara.

Abin da ke cikin kwarinmu

Mu dawo gida. Wanda ya tashi daga Birnin Kebbi ya bi ta Zauro da Ambursa ya nufi Argungu, fadamar Rima ce ke rakiyarsa, ɗaya daga cikin manyan wuraren noman shinkafa na ƙasar nan tun kafin zuwan Turawa. A Jihar Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Nijeriya a watan Nuwamba na 2015. A ƙarshen 2016 shinkafar Lake Rice ta haɗin gwiwar Legas da Kebbi ta shiga kasuwa, a 2017 aka buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu, ga kuma Labana a Birnin Kebbi. A ruwa muna da giwan ruwa da tarwaɗa da ramboshi da ƙurungu da karfasa da balli. Aliero ta yi suna da albasa, Yawuri da kasuwar kifi ta bakin Kwara, Jega da kasuwar da fataken goro suka sani tun ƙarni na 19.

Muna kuma da abin da larduna da yawa na Japan za su yi fatan samu, wato bikin da duniya ta sani. Bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama a 1934, wadda ta rufe babin tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. UNESCO ta sanya shi cikin gadon al'adun ɗan Adam a 2016, shekara uku kacal bayan girkin Japan, a jeri guda. Da aka dawo da bikin a 2020 bayan kusan shekara goma ba a yi ba, kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78. Amma mai karatu ya tambayi kansa, a cikin dubban da suka ga hoton wannan kifi, mutum nawa ne suka san yadda matan Argungu ke dafa shi? Duniya ta san yadda muke kama kifi, ba ta san yadda muke cin sa ba. Biki kwana huɗu ne, girki kuwa kullum ne.

Me ya ɓoye tukunyar?

Dalilin yana cikin tarbiyyarmu, kuma ba abin zargi ba ne. A ƙasar Hausa baƙo na mai masauki ne. Bahaushe ya ce baƙonka Annabinka, saboda haka barin baƙo ya je ya sayi abinci abin kunya ne ga maigida. Haka nan magidanci mai mutunci ba ya son a gan shi zaune a benci yana cin tuwon saye, don kada a ce gidansa ba a girki. Sakamakon haka gwanayen girkinmu suna cikin gida, abin da ya fito kasuwa kuwa an bar shi ga direba da ɗan dako da gwauro, ba a kuma ɗauke shi sana'ar da ta cancanci jari ba.

Sai dai zamani riga ne. Tsarin mai masauki ya dace da lokacin da baƙi kaɗan ne kuma kowa yana da wanda ya sani. Yau akwai ɗalibai daga kowace kusurwa a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero, ga masu yi wa ƙasa hidima da ke sauka a sansanin Dakingari, ga dillalan shinkafa da albasa daga kudu, ga masu bi ta Kamba zuwa Nijar da Benin, ga masu sauka a filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello. Kakanninmu ma ba su bar matafiyi da yunwa ba. Kowane zangon fatake yana da mata masu tuwo da fura. Zangon bakin hanya na Japan, in an duba da kyau, tsohon zangonmu ne aka yi wa rumfa da famfo.

Inda baƙo zai nufa a yau

Kafin a gyara, ga shawarar da nake ba baƙina. Da farko su bi lokaci, domin abincinmu da sa'a yake tafiya. Masa da kunu da ƙosai na safe ne, a bakin unguwa da ƙofar tasha, kuma kafin hantsi ya dubi ludayi an kwashe. Da rana a nemi matan Fulani masu fura da nono a inuwar kasuwa, a nemi rumfunan tuwon shinkafa da miyar sure ko ta kuka a gefen tasha. Bayan la'asar masu suyar kifi ke kafa kasko, bayan magariba kuma mahauta su fito da balangu da tsire.

Na biyu su bi yanayin shekara. Kifin gulbi ya fi yawa da araha idan ruwa ya fara janyewa daga fadama bayan damina, lokacin da sabuwar shinkafa ma take shigowa. Albasa kuwa da rani take cika kasuwa.

Na uku su tambayi direbobin haya, domin babu wanda ya fi su sanin rumfar da miyarta ba ta kwana. Rumfar da tukunyarta ke ƙarewa da wuri ita ce abin nema. Na huɗu su tambayi asalin kifin. Ba duk kifin da ake soyawa a bakin titi ne na gulbi ba, akwai na ƙanƙara da aka kawo daga teku, akwai tarwaɗar kiwo. Mai saye ya ce na ruwan nan yake so, in an ga ana nema za a riƙa kawowa. Wanda zai sayi banda don tsaraba ya sansana ya duba, ya saya wurin wanda aka sani, domin akwai marasa tsoron Allah da ke fesa wa busasshen kifi maganin ƙwari don kada ya yi tsutsa.

Abin da za a iya yi

Ba na kiran gwamnati ta gina wani katafaren gini da za a buɗe da kiɗa a rufe da ƙura. Abin da ake buƙata ƙarami ne. Ƙananan hukumomin da ke kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu, da ta Jega zuwa Yawuri, za su iya ware fili a bakin titi su yi rumfuna da rijiyar burtsatse da makewayi da wurin salla, su ba ƙungiyoyin mata da masunta haya mai sauƙi, bisa sharaɗin abincin yankin za a sayar kuma malaman tsabta za su riƙa dubawa.

Akwatin tashar Japan kuma ya dace da al'adarmu fiye da gidan cin abinci irin na Turawa. Matar da ke cikin gida za ta iya dafa dambun kifi ko soyayyen kifi da yaji ko nakiya, a ƙunshe da sunan ƙungiyarsu da ranar da aka yi, wani baligi ya kai rumfa ya sayar. Ita ba ta fita ba, magidancin da ke jin nauyin zama a benci ya saya ya tafi da abinsa, yarinyar da da za a ɗora wa tiren talla kuma ta tafi makaranta.

Mu malaman jami'a muna da namu kason. Tsofaffin da suka san girkin jar shinkafar fadama da sarrafa kowane irin kifi suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Sassan nazarin Hausa da na kimiyyar abinci za su iya tura ɗalibai masarautun Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru su rubuta abincin kowace gunduma da sunansa na asali da yadda ake yin sa, a ajiye kwafi a Gidan Tarihi na Kanta. Masu shirya bikin Argungu kuma su ba gasar girki matsayi da kyauta mai tsoka, yadda sunan gwanar miya zai fito a jarida kamar na gwanin su.

Na san za a ce ana fama da tsadar rayuwa da matsalar tsaro da ambaliya irin ta 2020 wadda ta cinye gonakin shinkafa, wa ke ta abincin baƙi? Amsata ita ce, zangunan Japan da 'yan ƙasa suka dogara, masu zuwa ganin gida da masu fita hutun mako. Mu ma masu sayenmu suna nan a kan titi kullum, kuma ko yanzu suna cin abinci, sai dai kuɗin yana tafiya ga taliyar leda da kifin ƙanƙara. Za a kuma ce kifin gulbi yana raguwa tun bayan da madatsun Bakolori da Goronyo suka sauya yadda ruwa ke malala a fadama, ga kuma masu kamu da raga mai ƙananan ido. Gaskiya ne, kuma wannan shi ne babban dalilin da ya sa ya kamata kifi ɗaya ya kawo kuɗin da uku suke kawowa a da. Kabawa sun riga sun san hikimar hana kamu, domin ruwan Matan Fada a rufe yake sai lokacin biki, Sarkin Ruwa yana tsaronsa. Masuncin da ya ga darajar kifinsa ta ƙaru a rumfar garinsu zai fi kowa son a bar ƙanana su girma.

Hausawa sun ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. Damin yana nan a Zauro da Argungu da Yawuri, gwanayen da za su sarrafa shi suna cikin gidajenmu, masu saye suna wucewa ta ƙofarmu safe da yamma. Abin da ya rage shi ne shugabannin ƙananan hukumomi da sarakunanmu da mu masu alli mu haɗa waɗannan uku wuri guda. Allah Ya ba mu ikon yi.